Wa Ya Gina Dalar Masar, Wa Ya Gina Surame?

Ina gaida iyayena da 'yan'uwana mutanen Dinawa, da na Wurno da Achida, da na Rabah da Gandi, da na Goronyo har Shinaka. Wanda ke fadama yana ban ruwa da rediyo rataye a reshe, sannu da aiki. Uwargida da ke tsakar gida, sannu da hayaƙi.

Yau shirin namu zai taɓa wata magana da ta cika wayoyin yaranmu, har ta fara shiga bakin manya. Bidiyo ne gajeru, na minti biyu ko uku, da kiɗa mai tsinka zuciya da murya ƙasa-ƙasa. Wani ya ce dalar Masar ba ɗan Adam ya gina ta ba, wasu halittu ne suka sauko daga sararin samaniya. Wani ya ce mutanen Fir'auna suna da wutar lantarki da jirgi mai saukar ungulu, ɓoye mana aka yi. Wani kuma ya nuna hoton ƙwarangwal, kansa kaɗai ya fi tsayin mutum, ya ce ga Adawa an tono. Sai wayar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu a teburin mai shayi, ana salati, dattijo ya girgiza kai ya ce, "Wanga ba aikin mutum ba na, aikin aljannu na."

Mamakin ban ga laifinsa ba. Wanda ya ga dutse mai nauyin mota a saman ginin da asalin tsawonsa mita 146 ne bai yi mamaki ba, to zuciyarsa ta bushe. Inda nake da magana shi ne abin da ke biyo bayan mamakin. Duk lokacin da muka ce aljannu ne, ko baƙi daga wata duniya, ko wani injin da ya ɓace, akwai wasu bayin Allah da muka share sunansu daga aikin da suka yi da bayansu da kafaɗarsu. Mutanen nan sun bar shaida, kuma shaidar nake so mu duba yau.

Mu fara da ƙasusuwa, don su ne a ƙofar gidanmu. Ƙasar nan tamu masana duwatsu na duniya sun san ta da suna. Shimfiɗun dutsen da ke ƙarƙashin gonakinmu, sunayen garuruwanmu aka sa masu a littattafan ilimi. Akwai shimfiɗar Taloka, akwai ta Dukamaje, akwai ta Wurno, a samansu ga ta Dange da ta Kalambaina, wadda daga cikinta ake haƙo farin dutsen da ake yin siminti da shi a Sakkwato. A ƙiyasinsu, shekara miliyan 66 zuwa 70 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso Sahara ya malale wannan yanki. Shi ya sa mai haƙar rijiya kan ci karo da katantanwar da ta zama dutse, ko haƙoran kifi, a wurin da yau ko tafki babu.

A 1930 wani masani a Landan mai suna Swinton ya yi bayanin wasu manyan ƙasusuwa da aka kai masa daga lardin Sakkwato. Shekaru arba'in bayan nan wasu masana daga Italiya suka zo yankin Goronyo suka haƙo ƙarin ƙasusuwan, har da ƙoƙon kai. A 1972 suka sanar cewa wani jinsi ne na ƙadangaren teku da ba a taɓa sani ba, suka raɗa masa suna Goronyosaurus. Ɗaliban wannan fanni a kowace ƙasa suna cin karo da sunan Goronyo a karatunsu saboda shi. Ke nan in manomi ya tono ƙashin baya mai kaurin turmi ƙarami, ba mafarki ya yi ba, ƙashi ne na gaske. Sai dai haƙoran masu tsini ne irin na kada, muƙamuƙin dogo ne, gaɓoɓin na iyo ne. Basamude ba ya cikin maganar.

Shi kuwa hoton ƙaton ƙwarangwal da ake cewa ma'aikatan haƙar mai sun tono a hamadar Saudiyya, an san asalinsa sarai. A 2002 wani mutum ya haɗa shi a kwamfuta don shiga gasar haɗa hotuna a intanet. Ya ɗauki hoton inda ake tono ƙasusuwan wata dabba dangin giwa a jihar New York ta Amurka, ya ɗora ƙwarangwal ɗin mutum a kai ya ƙara masa girma. Zuwa 2004 hoton ya shiga duniya da sabon labari, wai Adawa ne. Fiye da shekara ashirin ke nan, har yau yana dawowa a WhatsApp kamar jiya aka ɗauke shi. Yanzu ma abin ya fi sauƙi, don da ƙirƙirarriyar basira yaro zai haɗa irinsa kafin shayinsa ya huce.

Kada wani ya ɗauka shakkar irin waɗannan labarai ɗabi'ar 'yan boko ce. Babban malamin tarihi Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya yi alƙalanci a Alƙahira ya rasu a can a 1406, ya tsaya a kan wannan batu a littafinsa Muƙaddima. Ya lura cewa jama'a in sun ga manyan gine-ginen mutanen da, irin dalar Masar ko fadar Kisra, sai su ce ai mutanen wancan zamani ƙatti ne, jikinsu ya ninka namu. Ya ce kuskure ne da masu tatsuniya suka yaɗa. A ganinsa abin da ya ɗaga waɗannan duwatsu shi ne ƙarfin daula mai iya tara hannaye masu yawa wuri guda, da dabarun injiniyoyi na ja da ɗaga nauyi, wani lokaci ma sarki ya fara wani ya ƙarasa. Har ya kafa hujja da gidajen da aka sassaƙa a duwatsu, waɗanda ake danganta wa Samudawa a hanyar alhazai, ya ce ɗakunansu da ƙofofinsu ba su fi na sauran mutane girma ba. Malamin fiƙihun Malikiyya ne ya rubuta wannan, shekara ɗari shida da wani abu da suka wuce.

Na san wani zai ce, to aljannun da suka yi wa Annabi Sulaimanu aiki fa, amincin Allah ya tabbata a gare shi? Wannan mun yi imani da shi, ba a nan gardamar take ba. Abin da nassi ya ambata, ya ambata. Amma ka ɗauki wani gini da nassi bai ambata ba ka ce shi ma aljannu ne, wannan maganarka ce, kuma ana iya tambayarka hujja. Malamanmu na hadisi ba su karɓi magana don ta yi daɗin ji ba. Sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, shin sun ma haɗu. Mu da muka gaji wannan tarbiyya, bai kamata bidiyon da ba mu san wanda ya yi shi ba ya wuce mu babu tambaya.

To mu je Masar mu yi tambayar.

Babbar dalar Giza an gina ta ne don Fir'auna Kufu, kimanin shekara 4,500 da suka wuce. An ƙiyasta duwatsunta sun kai miliyan 2 da dubu 300, yawancinsu kowane ya haura tan biyu. Masu bidiyo sukan tsaya nan su ce, ka ji fa, wa zai iya? Abin da ba sa faɗa shi ne mafi yawan duwatsun a nan gindin dalar aka fasa su. Ramukan da aka yanko su suna nan kudu da ita, da sawun kurfi a jikinsu.

A 1990 dokin wata mai yawon buɗe ido ya yi tuntuɓe da wani bangon tubali a kudancin dalar. Da aka tona sai ga maƙabartar ma'aikata. Kusa da ita masu bincike, ƙarƙashin Mark Lehner da Zahi Hawass, suka tono garin da ma'aikatan suka zauna: gidajen gasa burodi da tukwanensu, rumbunan hatsi, dogayen ɗakunan kwana, tarin ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki da kifin da aka ciyar da su. Su kansu mamatan, ƙashin bayansu ya nuna cin nauyi na shekara da shekaru. Akwai masu karaya a hannu ko ƙafa da aka ɗora ta warke, wato akwai maɗori a wurin aikin. A wasu lunguna na cikin dalar, inda ba a yi nufin kowa ya gani ba, ƙungiyoyin leburori sun rubuta sunayensu da jan fenti a jikin dutse. Wata ƙungiya ta kira kanta Abokan Kufu.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne wanda aka samu a 2013. Wani masani Bafaranshe, Pierre Tallet, yana tono a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, sai ya samu tsofaffin takardu irin na Masar da ake yi da ciyawar kogi. Ba a taɓa samun rubutattun takardu da suka girme su ba. A cikinsu akwai littafin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, wanda ya rayu a ƙarshen mulkin Kufu. Rana bayan rana yana rubuta inda shi da mutanensa suka kwana da abin da suka yi. Suna loda farin dutse a mahaƙar Tura, gabashin kogin Nilu, su bi ruwa da jirgi su kai Giza, su sauke, su koma. Ya ambaci mai kula da aikin, Ankhhaf, ɗan'uwan sarki. Akwai lissafin abincin da aka ba ma'aikata. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin leburori a wurin gini, ko ya yi lissafin buhunan albasa da aka loda a mota, zai gane irin takardar nan. Mutum ne mai ubangida da zai tambaye shi lissafi.

Yaya aka ja dutsen a kan rairayi? Su da kansu sun zana mana. A kabarin wani hakimi mai suna Jehutihotep, wanda ya zo ƙarnuka bayan Kufu, akwai zanen wani ƙaton mutum-mutumi ɗaure a kan katakon ja, mutum 172 suna jan igiya, wani kuma yana tsaye a gaba yana zuba ruwa a ƙasa. An daɗe ana ɗauka zuba ruwan wata al'ada ce ta bauta. A 2014 masana a Jami'ar Amsterdam suka gwada, suka ga rairayi in ya jiƙa daidai, ba ya taruwa a gaban katakon, ƙarfin da ake buƙata yana iya raguwa da rabi. A 2018 kuma aka tono wata hanyar hawa a mahaƙar Hatnub, da matakala hagu da dama da ramukan da ake kafa gungume don naɗe igiya. Har yau masana suna gardama kan siffar gangaren da aka bi aka kai dutse can ƙololuwa, wannan ya ce miƙaƙƙe ne, wancan ya ce zagaye yake yi. Gardama ce ta masu sana'a a kan dabara, kuma kowane ɓangare da shaidar da yake nunawa.

Akwai kuma masu cewa tagulla ba ta yanka dutse mai tauri, don haka dole akwai injin. Gaskiya ne tagulla ita kaɗai ba ta yi. Amma in ana zuba rairayi a ƙarƙashin zarton, rairayin ne ke cin dutsen, kuma an gwada hakan a zamaninmu ya yi, a hankali. Ku tuna bakin tsohuwar rijiya, yadda igiyar guga mai laushi take yi masa kwari saboda yau da gobe. A Aswan akwai wani dogon ginshiƙi mai kusan mita 42 da aka fara sassaƙawa, ya tsage, aka bar shi kwance a mahaƙa. Sawun dunƙulen duwatsun da aka yi ta dukansa da su yana nan a jikinsa, su ma duwatsun dukan an same su zube a wurin.

Tsagewar nan ita ce hujjar da na fi so ku riƙe. Masarawa sun yi kuskure, kuma kurakuransu suna tsaye ana ganinsu. Kimanin ƙarni guda kafin Kufu, dalar sarki Joser hawa-hawa ce kamar matakala. Mahaifin Kufu, Sneferu, shi ya yi ta fama da yadda za a samu mai santsi. Ta Meidum yau ɓarayinta na waje sun zube. Ta Dahshur an fara ta a miƙe ƙwarai, da aka kai tsakiya aka ga alamun matsala sai aka kwantar da kusurwar daga digiri 54 zuwa 43, ga ta nan a tanƙware har gobe. Sai a ta uku aka dace. Ɗansa ya gaji magina da suka riga suka sha wuya suka koya. Wanda ya ƙetaro taurari da jirgi ba zai zo ya yi ta gwaji yana ɓatawa shekara da shekaru ba.

Ga wanda bai jima da kama mu ba, muna magana ne a kan labaran da ke cewa manyan ayyukan mutanen da ba hannun ɗan Adam ya yi su ba.

Akwai tambaya guda da nake so kowane matashi ya riƙa yi wa irin wannan bidiyo: ina sharar? Babu sana'ar da ba ta barin shara. Inda kakanninmu suka narka tama, ko an shekara dubu, za ka tarar da kashin maƙera da fasassun bututun zuga. Da irin wannan aka tabbatar an narka ƙarfe a gindin Dala a Kano tun kafin a gina ganuwa, da shi aka san mutanen Nok sun yi ƙira a Taruga fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Gawayin da ke cikin murhun ana auna shekarunsa, don akwai wani sinadari a cikinsa, kabon 14, da rabinsa ke ƙarewa duk shekara 5,730. Dubi madatsar ruwa ta Goronyo da aka gama a 1984, mai tsawon kilomita 12 da rabi. Injuna suka yi ta, kuma ko bayan shekara dubu mai tono zai samu kankare da rodi da ramukan da aka ɗebi ƙasa. To in Masarawa suna da lantarki, ina wayar? Ina gilashin da ya fashe, ina masana'antar, ina injin da ya lalace aka yar? An fi shekara ɗari biyu ana tona ƙasar Masar. An samu allura da tsintsiya da takalmin yaro, ba a samu ko taku ɗaya na wayar wuta ba. Abin da aka samu fitilun mai ne, har da rubutaccen lissafin lagwanin da ake raba wa masu sassaƙa kaburburan sarakuna.

Zanen da ake nunawa a ɗakin bauta na Dendera a ce ƙwan lantarki ne, maciji ne yana fitowa daga furen bado, kuma rubutun da ke gefensa ya faɗi abin da yake nufi a addininsu. Masu bidiyo sukan yanke rubutun. Shi kuma jirgi mai saukar ungulu na Abydos, laƙabin sarki Seti na Ɗaya ne aka sassaƙa, ɗansa Ramses na Biyu ya sa aka cike shi da farar ƙasa aka sassaƙa nasa a kai. Da cikon ya zube, rubutu biyu suka hau juna.

Yanzu ga abin da ke ci mini rai. Ku lura da gine-ginen da ake cewa ba mutanen wurin suka yi ba. Ba ka jin an ce baƙi daga sama suka gina manyan coci-cocin Faransa. Kullum Masar ce, ko ƙasashen Indiyawan Amurka, ko mu nan. Littafin da ya yaɗa maganar baƙin sama, na wani mutumin Suwizalan mai suna Erich von Däniken, ya fito a 1968, amma saiwar maganar ta girme shi. A 1871 wani Bajamushe, Karl Mauch, ya ga ganuwar dutse ta tsohon birnin Zimbabuwe, ya ce ai wannan na Sarauniya Bilƙisu ne, baƙar fata ba zai iya ba. A 1929 wata masaniya 'yar Ingila, Gertrude Caton-Thompson, ta tona wurin ta nuna da tukwane da kayan gida cewa 'yan ƙasar ne suka gina. Duk da haka gwamnatin fararen fata ta Rodeshiya ta ci gaba da danne maganar, har jami'inta mai kula da kayan tarihi, Peter Garlake, ya bar ƙasar a 1970 saboda ya ƙi canza abin da ya gani. A nan Nijeriya, Leo Frobenius ya je Ife a 1910, ya ga kawunan da aka ƙera da gwaninta, ya ce ragowar wata ƙasa ce da ta nutse a teku, Atlantis. Wanda ya zo mulkin mallaka yana da riba in ya ce ba ku taɓa gina komai ba. Mu kuwa mece ce ribarmu in muka ɗauki wannan magana muna tura wa juna? A 2020, da attajirin nan Elon Musk ya rubuta cewa baƙin sama ne suka gina dala, ministar Masar Rania al-Mashat ta ba shi amsa da gayyata, ta ce ya zo ya ga kaburburan maginan.

Mu dawo gida. A ƙaramar hukumar Binji akwai kufan Surame, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga Askiya na Songhai. Ganuwa ce ta dutse da laka, zagaye cikin zagaye, a ƙasar da aka saba gini da tubali. An bar birnin a farkon ƙarni na 18, aka koma Birnin Kabi. Gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, kuma tun 2007 yana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO. Wanda ya tsaya gaban wannan ganuwa a tsakiyar daji, babu gida babu mutum, ba wuya ya ce aljannu. Amma ku saurari abin da bakin kakanni ya riƙe. Cewa suka yi Kanta ya tara mutanen ƙasashen da ya ci da yaƙi, kowace ƙabila da yankin da za ta gina. Suka ce Nufawa sun makara, sai ya hukunta su da kwaɓa ƙasarsu da man kaɗanya. Ko labarin ya ƙaru a hanya ko bai ƙaru ba, mutane yake ambata, da sarki mai iko, da aikin tilas. Daidai da abin da Ibn Khaldun ya faɗa ke nan. Kuma akwai ɗaci a ciki da bai kamata mu rufe ba, domin waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a kai da yawansu ba da son ransu suka zo ba. In muka ce aljannu ne, mun zalunce su sau biyu.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 1837 yake kwance a nan Wurno, ya ambaci kufan biranen Kabi a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya yi mamakin girmansu, kuma ya danganta su da ƙarfin mulkin Kanta. Shi ne kuma wani Bature mai suna Clapperton ya ce ya tarar yana karanta littafin Iƙlidis na lissafin kusurwa da awo, da Larabci. A wasiƙarsa ga Sarkin Katsina Umarun Dallaji ya yi nasiha a kula da masu sana'a, a zaunar da su a garuruwa, a gina ganuwa da gadoji, a gyara kasuwanni da hanyoyi. Mutumin da ya kafa ribaɗin Wurno ya san ganuwa da hannu take tashi, don a gabansa aka yi ta.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai hira ce kawai. Da ma a hira take tsayawa. Wanda ya yarda mutanen da suna da wani sirri da aka ɓoye, shi ne ɗan damfara ke nema. Kun ji labarin jan makyuri, wai wani ruwa ne mai kiran aljannu ko mai jawo kuɗi, wai yana cikin tsohon keken ɗinki ko tsohon dutsen guga ko kabarin Fir'auna. A 2009 haukan ya kama Saudiyya, mutane suka yi ta sayen tsofaffin kekunan Singer da kuɗi masu yawa, har ana fasa shagunan teloli. A 2018 aka tono wani baƙin akwatin dutse a Iskandariyya ta Masar, aka ga jan ruwa a ciki, duniya ta ɗauka. Da hukuma ta gwada, ruwan masai ne da ya tsiyaya daga magudana. Babu wani ɗakin gwaji a duniya da ya taɓa tabbatar da wannan ruwa mai sihiri. Duk wanda ya zo maka da ƙaramar kwalba da dogon labari, gonarka yake kallo.

Ɓarna ta biyu ta fi wuyar gyara. A shekarun 1990 'yan tono sun kwashi mutum-mutumi na gasasshiyar laka daga yankunan Sakkwato da Katsina, dillalai suka fitar da su Turai. Abin ya kai a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, tare da na Nok. Ba ina cewa a girmama gunki ba, Allah ya tsare. Ina cewa an cire su daga ƙasa ba tare da an auna zurfin ba, ba a ɗebi gawayin da ke gefensu ba, ba a duba tukunyar da ke kusa ba, don haka abin da za su gaya mana game da mutanen da suka riga mu zama a bakin gulbin Rima ya tafi. Ku kwatanta da Dufuna a jihar Yobe. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya ya ci karo da katako mai tauri, sai ya kai rahoto ga hukuma. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a tsanake. Kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8, awon shekarunsa ya nuna kimanin 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka, kuma da kayan aiki na dutse aka sassaƙa shi. Da ya faskara shi ya yi makamashi, da babu wanda zai san da shi.

Saboda haka, ɗan'uwa manomi, mai haƙar rijiya, mai ɗibar yashi, in garma ko diga ta tono maka ƙashi mai girma, ko tsohuwar tukunya, ko tarin kashin maƙera, kada ka fasa don neman abin da ke ciki, kada kuma ka sayar wa baƙo. Dokar ƙasa ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Ka bar shi inda yake, ka ɗauki hoto in kana da waya, ka gaya wa mai unguwa ko hakimi. Su kuma su sanar da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko ofishin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ko sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.